Samariya: Makarantar Halin Kirki

Ka iya baƙi yanzu, ɗanka kuma yana zuwa lakkwal. To, ga tambaya guda. Karatu a allo ake koyonsa, lissafi ma haka. Amma gaskiya da amana da kunya, a ina yaro yake koyonsu? Tambayar nan tsohuwa ce. Bari mu duba yadda mutanen da suka amsa ta.

Mu fara da nesa. Akwai wani birni a ƙasar Italiya ana ce masa Rum. Mutanensa sun yi mulkin ƙasashe masu yawa, har da arewacin Afirka. Rumawa suna da halaye da suke so kowane yaro ya tashi da su. Akwai fides, wato amana. Akwai pietas, wato biyayya ga iyaye da kishin gari. Akwai gravitas, wato natsuwa. Akwai virtus, wato jaruntaka. Suna ba yaransu labarin wani manomi, Sinsinatus. Sun ce a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, abokan gaba sun matsa wa Rum. Aka iske shi yana huɗa a gonarsa, aka danƙa masa mulki. Ya ci yaƙi, bayan kwana 16 ya ajiye mulkin, ya koma gona. Daga baya sarkinsu Agustus ya ƙarfafa ƙungiyoyin samari, inda ake koyon hawan doki da horon jiki. Har yau wasu makarantun Turawa suna raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da sunan ɗaya daga halayen nan.

Kada ka ce wannan abin Turawa ne. Mu ma muna da namu, sunansa samariya. Tun kafin zuwan Faransawa, ƙauyukan ƙasar Hausa suna da sarkin samari. Yana da fadawansa, ƴan mata kuma suna da tasu shugaba. Idan gonar tsoho ta yi ciyawa, a kira gayya. Idan rijiya ta rufta, samari ne za su yashe ta. Idan baƙi suka zo wasa, su ne masu tarbo da masauki. Wanda ya ƙi fita aiki, tsaransa za su ci shi tara, ko su ƙaurace masa. Ba bulala, ba gidan kaso. Kunyar tsara ita ce hukunci. Da haka yaro yake gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da Faransawa suka kafa mulki, sai aikin dole ya faɗa kan samari. Su ne aka riƙa kwasa don gyaran hanya da ɗaukar kaya. Aiki iri ɗaya ne da na gayya, amma ba ganga, ba murna. Sai a 1946 aka soke aikin dole.

Bayan ƴancin kai a 1960, ƙasa ta shiga hannun jam'iyya guda ta Jori Hamani. Sannan fari ya zo, wanda ya tsananta a 1973, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. Ran 15 ga Afirilu 1974 soja suka karɓi mulki a Yamai, Seyni Kunce ya zama shugaba. Ya rushe jam'iyya. Amma mai mulki ba ya rasa bukatar hanyar da zai kai ga talakawa. Sai ya ta da samariya, aka tsara ta daga ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya. Unguwannin Yamai ma kowace da tata.

Samari sun yi aiki ƙwarai. Sun buga tubali, sun gina azuzuwan lakkwal. Sun share tituna, sun gina rijiyoyi. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace, samari kuwa suna kan gaba. A 1976 aka yi babban bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda jihohi suka kara da juna a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu da Babarbare suka kwana wuri ɗaya.

Amma gaskiya sai a faɗe ta duka. Samariyar ƙauye daga ƙasa ta tsiro. Ta gwamnati daga sama ake ba ta umurni. Aka riƙa kiran samari su jeru a rana don tarbon manya da tafi. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi, a 1989 aka kafa jam'iyyar MNSD, samariya ta shige cikinta. Da aka yi babban taron ƙasa a Yamai a 1991, jam'iyyu suka yi yawa, samari suka rarrabu, sai samariyar gwamnati ta kwanta.

Me za mu ɗauka a nan? Suna ba ya gyara hali. Ko an kira rukuni Amana, ko an kira shi fides, yaro ba zai zama mai amana ba sai an ba shi abin riƙo, tsaransa suna kallo. Kuma aikin da aka yi don tsoro, ran da tsoro ya kau, shi ma ya kau.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka je ka ga malamin lakkwal ɗin garinku. Ku raba yara ƙungiya-ƙungiya, su zaɓi shugabansu da kansu. Waɗannan su shayar da itatuwa, waɗancan su ɗebo wa tsofaffi ruwa, wasu su riƙe asusun alli. Kada ku bari ɗan siyasa ya sa musu riga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.