Gyaɗa da Borin Jini a Gidanmu na Mandawari

Ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli ne ke tashinmu daga barci a gidanmu na Mandawari. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta gaji sana'ar daga uwarta, wadda tana budurwa layin dogo ya iso Kano a 1911. Auduga Turawa suka sa wa ido, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye, aka riƙa jera buhuna har suka zama dala. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 suka rushe dalar, amma gyaɗa ba ta bar tukunyarmu ba: ga kunu, ga mai, ga ƙulin tsire.

Shi ya sa da ƙanina ya fara fitar da ruɗu-ruɗu a jiki, babu wanda ya zargi kunun gyaɗa. Kaka ta ce borin jini ne, a shafa masa manja. Ran nan ana azumi, ya kurɓi kunu, nan take leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya koma kamar busar sarewa. Babanmu ya saɓe shi sai Asibitin Murtala. Allurar adirinalin aka yi masa a cinya, Allah ya taƙaita.

Likitan ya ce garkuwar jikinsa ce ta ɗauki gyaɗa a matsayin abokiyar gaba. Wani kuma ƙwai ne ko madara ko kifi, wani harbin zuma ko rina, wani allurar fenisilin. Daga baya na karanta cewa a 1902 ne Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka fara bayanin wannan mummunan bori.

Kaka ta daɗe ba ta yarda ba. "Kai, Malam," ta ce wa babanmu, "abin da ya gina Kano ne zai kashe ɗan Kano?" Amma daga ranar ta ware masa ludayinsa da ƙwaryarsa, ta koma dama masa kunun tsamiya. Har ta rasu, in ta gama suya sai ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa shi.