Shanun Ƙasar Katagum: Abin da Bushiya Ta Bari, Rashin Burtali Na Neman Ƙarasawa

Kwanan nan ana ta maganar farfaɗo da kiwo a Najeriya, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin namu kiwon a nan ƙasar Katagum.

Tun zamanin Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa masarautar nan a farkon ƙarni na 19, arzikin ƙasar yana tafe ne da ƙafa huɗu. Fadamun kogin Jama'are su ne sirrin abin. Da damina shanu su hau tudu, da rani su gangaro inda ruwa ya janye ya bar ɗanyar ciyawa. Manomi kuwa shi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya haɗa masa da damin gero, domin taki. Da aka dawo da fadar sarki Azare a 1916, ciniki ya biyo sarauta, karar Azare ta zama mahaɗar fatake daga Borno, Haɗeja da Kano.

Masifa mafi girma da ta taɓa sauka a kan garke ita ce bushiya. Wajen 1890 ta ratso daga gabas ta shafe mafi yawan shanun ƙasar Hausa da Borno, har makiyaya suka sa wa shekarun suna "Sannu", don gaisuwar jaje ita ce kaɗai ta rage tsakaninsu. Ta sake dawowa a zamanin Turawa. Allurar da ake yi a Vom, da babban gangamin riga-kafi da aka fara a 1962, suka danne ta. Aka saki jiki, sai ga ta a 1983, ga kuma fari a kanta, shekara goma kacal bayan farin 1973. Ba a tabbatar da ƙarewarta a duniya ba sai 2011.

Abin lura shi ne, duk lokacin da cuta ko fari suka wuce, garke yakan dawo. Mai saniya biyar, in Allah ya yarda, ɗansa zai kora hamsin, saboda dajin na nan, mashayar na nan, hanyar zuwa gare su a buɗe take.

Yanzu wannan ne ya canza. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. A faɗin ƙasar nan akwai irin waɗannan wurare 415, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa rajistar doka. Namu sananne shi ne na Udubo a ƙaramar hukumar Gamawa. Inda babu takarda kuwa, gona tana cin daji taku-taku, bana a ƙara kunya biyu, baɗi a ƙara biyar, har burtalin da garke ke bi a sake ya koma siririyar hanyar da jaki ma sai ya karkace. Noman rani da injin ban ruwa ya yaɗu a shekarun 1990, kuma alheri ne, kowa ya ga albasa da tumatir da shinkafar da aka samu. Amma a kan ciyawar rani aka shuka su, ba a kuma ware wa saniya hanyar zuwa bakin ruwa ba. Takin zamani ya zo, manomi ya daina buƙatar baƙonsa, karan da ake bari kyauta ya zama na sayarwa.

Akwai maganar jangali, wadda ba kowa zai so jinta ba. Haraji ne mai nauyi, an zalunci mutane da shi, ba mai kukan soke shi da aka yi a shekarun 1970. Sai dai a ganinmu, lokacin da ake karɓarsa hukumar En'e tana da dalilin sanin yawan shanu, da tsare burtali, da tura malamin dabbobi ruga. Da kuɗin ya daina shiga, kulawar ma ta bi shi. Masana'antar nama ta Bauchi da aka gina a shekarun 1960 ta daɗe tana tangal-tangal, shanunmu kuma har gobe a tsaye ake loda su a tirela zuwa Kudu, ƙasar na kashe sama da dala biliyan 1 kowace shekara wajen shigo da madara.

A 2019 aka fito da shirin Ruga, aka dakatar da shi kafin ya tsaya da ƙafarsa. A 2024 aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Muna yi mata fatan alheri. Amma farfaɗowar da idonmu ke gani a Azare, Gamawa da Shira ta cikin gida ce: matan da ke turke rago don layya, matasan da ke ɗaure bijimi wata huɗu da harawa da dusa su kai kara. Wannan yana kawo kuɗi, sai dai turke ba ya haihuwa. Ɗan maraƙin da ake turkewa daga garken daji yake fitowa.

Saboda haka ƙungiya na roƙon masu unguwanni, arɗaɗe da dattawan da suka san inda tsofaffin burtalai da mashaya suke a garuruwansu, su taimaka su nuna mana. Muna so mu rubuta su gari-gari, mu miƙa wa majalisar masarauta da ƙananan hukumomi tun masu sanin iyakokin suna raye.