Man fetur da manufofin ƙasar Sin a Sudan

Ƙasar Sin ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya sayen ɗanyen mai daga ƙetare, matsayin da ta karɓe daga hannun Amurka a shekarar 2017, kuma sama da kashi 70 cikin ɗari na man da take amfani da shi daga waje yake zuwa. Wannan buƙata ta kai kamfanoninta sassan duniya da dama, amma babu inda tasirinta a kan manufofin ƙasar na hulɗa da ƙasashen waje ya fito fili kamar Sudan. Hukumomin Beijing sun shiga harkar man Sudan ne a 1995 da aƙidar rashin tsoma baki a harkokin cikin gidan wasu ƙasashe. Bayan shekaru ashirin, jami'an diplomasiyyarsu na shiga tsakani a yaƙin basasa, sojojinsu kuma na sintiri a birnin Juba.

Yadda buƙatar ta taso

Bayan gano rijiyoyin mai na Daqing a arewa maso gabashin ƙasar a 1959, Sin ta daɗe tana dogaro da kanta ta fuskar mai, har ma tana sayar wa Japan rarar da ta samu. Sai dai bunƙasar masana'antu da ta biyo bayan sauye-sauyen tattalin arziki na Deng Xiaoping ta sa abin da ake haƙowa a cikin gida ya kasa. A 1993 man da ƙasar ke shigowa da shi ya zarta wanda take fitarwa, kuma zuwa 2003 ta sha gaban Japan, ta zama ta biyu bayan Amurka wajen yawan amfani da mai.

Abin da ya ƙara tayar da hankalin shugabannin ƙasar shi ne hanyar da man ke bi. Mafi yawansa ta teku yake zuwa, ta mashigin Malaka da ke tsakanin Malesiya da Indonesiya, a ruwayen da rundunar sojin ruwan Amurka ke da rinjaye. Saboda haka gwamnati ta ƙarfafa wa manyan kamfanonin mai mallakarta, wato CNPC da Sinopec da CNOOC, gwiwar su fita waje su mallaki hannun jari a rijiyoyin mai.

Matsalar ita ce sun makara. Kamfanonin Amurka da na Turai sun riga sun kama wuraren da suka fi albarka, ƙasashe irin su Saudiyya kuma sun riƙe nasu a hannun hukuma. Ko a inda kuɗi ke iya saye, siyasa kan hana. A 2005 kamfanin CNOOC ya yi tayin sayen kamfanin Unocal na Amurka a kan dala biliyan 18 da rabi, amma adawar 'yan majalisar dokokin Amurka ta tilasta masa janyewa, Chevron ya saye. Abin da ya rage wa kamfanonin Sin a lokacin shi ne wuraren da wasu ke gudu saboda yaƙi ko takunkumi.

Shigar CNPC Sudan

Kamfanin Chevron na Amurka ne ya gano mai a Sudan a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, a yankunan da ke kan iyakar arewaci da kudancin ƙasar. Yaƙin basasa ya sake ɓarkewa a 1983, kuma a watan Fabrairun 1984 'yan tawaye suka kashe ma'aikatan kamfanin uku a kusa da garin Bentiu. Chevron ya dakatar da aiki a yankin, daga bisani ya sayar da haƙƙinsa a 1992.

A halin da ake ciki kuma, dangantaka ta yi tsami tsakanin Amurka da gwamnatin Janar Omar al-Bashir, wanda ya ƙwaci mulki a 1989. A 1993 Amurka ta sanya Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da ɗaure wa ta'addanci gindi, sannan a watan Nuwamban 1997 Shugaba Bill Clinton ya ƙaƙaba mata takunkumin cinikayya, abin da ya haramta wa kamfanonin Amurka aiki a can.

Wannan giɓi ne Sin ta cike. Bayan ziyarar da al-Bashir ya kai Beijing a 1995, CNPC ya sami izinin haƙar mai na farko. Jim kaɗan bayan haka aka kafa kamfanin haɗin gwiwa na Greater Nile, inda CNPC ke da kashi 40 cikin ɗari, Petronas na Malesiya kashi 30, wani kamfanin Kanada kashi 25, sai kamfanin gwamnatin Sudan, Sudapet, mai kashi 5.

An shimfiɗa bututu mai tsawon sama da kilomita 1,500 daga rijiyoyin Heglig zuwa gaɓar Bahar Maliya kusa da Port Sudan, kuma a watan Agustan 1999 jirgin ruwa na farko ya tashi da ɗanyen man Sudan. A shekarar 2000 aka buɗe matatar mai ta al-Jaili a arewacin birnin Khartum, wadda CNPC ya gina tare da gwamnati. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 Sudan na haƙo kusan ganga dubu 500 a kowace rana, kuma mai ya zama kusan duk abin da take samu na kuɗaɗen ƙetare.

Mai da yaƙin kudu

Rijiyoyin suna tsakiyar fagen daga ne. Ƙungiyoyin kare haƙƙin bil Adama, ciki har da Human Rights Watch a wani rahoto da ta fitar a 2003, sun zargi sojojin gwamnati da mayaƙan sa-kai da ke mara musu baya da korar al'ummomin Nuer da Dinka daga ƙauyukansu domin share wa kamfanonin mai fili. Sun kuma ce kuɗin man ya ba gwamnati damar ƙara sayen makamai.

A nan bambancin kamfanonin ya bayyana. Kamfanin Talisman na Kanada, wanda ya gaji kashi 25 ɗin a 1998, ya sha matsin lamba daga masu hannun jarinsa da majami'u da 'yan siyasa, har ya sayar da kasonsa a 2003. Wanda ya saya shi ne ONGC Videsh, mallakar gwamnatin Indiya, ƙasar da ita ma ke fafutukar neman mai, take kuma gogayya da Sin a wurare kamar Angola da Kazakistan. Daga nan harkar man Sudan ta koma kusan gaba ɗaya hannun kamfanonin gwamnatocin Asiya uku.

Matsayin Beijing a wancan lokaci shi ne kasuwanci daban, siyasa daban. Aƙidar rashin katsalandan tana cikin ƙa'idoji biyar na zaman tare da Sin ta amince da su da Indiya tun 1954, kuma gwamnatocin Afirka da dama sun yi na'am da ita, ganin cewa rancen Sin ba ya zuwa da sharuɗɗan da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni ke gindayawa.

Darfur da Kwamitin Sulhu

Rikicin Darfur da ya ɓarke a 2003 shi ne ya fara gwada wannan matsayi. A watan Satumban 2004 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1564, wanda ya yi barazanar ɗaukar matakai a kan harkar man Sudan. Sin, wadda ke da ikon hawa kujerar na-ƙi, ta matsa har aka sassauta lafazin ƙudurin, sannan ta ƙaurace wa kaɗa ƙuri'a. Haka ta yi a 2005 sa'ad da aka miƙa batun Darfur ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, da kuma 2006 a kan shirin tura dakarun Majalisar, inda ta dage cewa sai da amincewar Khartum.

Sai dai ƙasar na shirin karɓar baƙuncin wasannin Olamfik na 2008, kuma masu fafutuka a ƙasashen Yamma suka alaƙanta wasannin da kashe-kashen Darfur. A 2007 ƙungiyar Amnesty International ta zargi Sin da Rasha da sayar wa Sudan makaman da ake amfani da su a yankin, zargin da ƙasashen biyu suka musanta. A watan Fabrairun 2008 mai shirya finafinan nan na Amurka, Steven Spielberg, ya janye daga aikin ba da shawara kan bikin buɗe wasannin.

Tun kafin nan Beijing ta fara sauya taku. Shugaba Hu Jintao ya ziyarci Khartum a watan Fabrairun 2007, a watan Mayu aka naɗa Liu Guijin manzo na musamman kan Darfur, kuma a ƙarshen watan Yuli, lokacin da Sin ke shugabancin Kwamitin Sulhu, aka zartar da ƙuduri na 1769 da ya kafa rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka. Sin ta goyi bayansa, ta kuma tura sojoji injiniyoyi kimanin 300.

Rabuwar ƙasa

Yarjejeniyar zaman lafiya da aka sanya wa hannu a Nairobi a watan Janairun 2005 ta kawo ƙarshen yaƙin kudu, ta raba kuɗin man yankin daidai wa daida tsakanin Khartum da Juba, ta kuma tanadi ƙuri'ar raba gardama. Wannan ya jefa Sin cikin tsaka mai wuya, domin mafi yawan rijiyoyin da take da jari a ciki suna kudu ne, a hannun tsofaffin 'yan tawayen SPLM da suka daɗe suna kallonta a matsayin ƙawar maƙiyinsu. Ta karɓi baƙuncin Salva Kiir a Beijing a 2007, ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Juba a 2008.

Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a ranar 9 ga Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa. Amma bututu da matata da tashar jiragen ruwa duk suna arewa. Da aka kasa daidaitawa kan kuɗin dakon man, inda Khartum ke neman sama da dala 30 kan kowace ganga, Juba kuma ke tayin ƙasa da dala ɗaya, sai gwamnatin kudu ta rufe rijiyoyinta baki ɗaya a watan Janairun 2012. A watan Afrilu ƙasashen biyu suka gwabza faɗa a Heglig. Mai bai sake gudana ba sai a watan Afrilun 2013.

A watan Disamban wannan shekara yaƙi ya ɓarke tsakanin Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar, aka kwashe ɗaruruwan ma'aikatan mai 'yan Sin. A wannan karon Beijing ta shiga dumu-dumu. Ministan harkokin wajenta, Wang Yi, ya haɗa ɓangarorin biyu a wani taro a Khartum a watan Janairun 2015, kuma a cikin shekarar ƙasar ta tura bataliyar sojin ƙasa mai mutum 700 cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, karo na farko da ta yi hakan a tarihinta. Biyu daga cikin sojojin sun mutu a faɗan da aka yi a Juba a watan Yulin 2016.

Me Sin ta samu?

Ga Sudan, Sin ita ce babbar mai sayen manta a mafi yawan shekarun. Ga Sin kuwa, man Sudan bai taɓa wuce ɗan ƙaramin kaso na abin da take shigowa da shi ba. Haka nan mallakar rijiya ba ta tabbatar da cewa man zai tafi gida ba, domin CNPC kan sayar da kasonsa a inda farashi ya fi tsoka. A 2006, alal misali, Japan ta fi Sin sayen ɗanyen man Sudan.

Babbar ribar kamfanin ita ce ƙwarewa. A Sudan ya fara haɗa haƙa da bututu da matata a ƙasa guda, kuma wannan tsari ya ɗauka zuwa maƙwabta. Bayan Chadi ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wa Beijing a 2006, CNPC ya gina matatar Djarmaya kusa da N'Djamena, aka buɗe ta a 2011. A Nijar ya sami rijiyoyin Agadem a 2008, ya buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram a 2011, sannan ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara fitar da mai a 2024.

A can ma siyasa ba ta ƙyale shi ba. Takaddamar kan iyaka tsakanin Nijar da Benin bayan juyin mulkin 2023 ta kawo cikas ga lodin man, har sai da jami'an Sin suka shiga tsakani, kuma a watan Maris na 2025 gwamnatin mulkin sojan Nijar ta kori wasu manyan jami'an kamfanonin man Sin su uku daga ƙasar.

Bayan yaƙin 2023

Yanayin gasar ya sauya ƙwarai daga yadda yake a shekarun 2000. Sabuwar fasahar fasa duwatsu a ƙarƙashin ƙasa ta mai da Amurka ƙasar da ta fi kowa haƙo mai, sha'awarta ga man Afirka ta ragu. Ta ɗage wa Sudan takunkumin cinikayya a 2017, ta cire ta daga jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi a 2020, bayan sojoji sun hamɓarar da al-Bashir. Ita kuma Sin ta shimfiɗa bututai ta ƙasa daga Kazakistan da Rasha da Myanmar domin rage dogaro da mashigin Malaka, kuma a 2023 Rasha ce ta fi sayar mata da ɗanyen mai, Saudiyya na biye.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya shafi abubuwan da aka gina tun shekarun 1990. A farkon 2024 bututun da ke ɗaukar mafi yawan man Sudan ta Kudu ya lalace a yankin da ake faɗa, jigilar ta tsaya kusan shekara guda, abin da ya durƙusar da kuɗin shigar gwamnatin Juba. A cikin shekarar ne kuma Petronas ya sanar da ficewarsa daga Sudan ta Kudu. Matatar al-Jaili, wadda RSF ta mamaye tun farkon yaƙin, ta kama da wuta a watan Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin sojojin gwamnati su sake ƙwace ta.