SAWAKIN: GARIN DA TUDU YAKE ƘAREWA GA MAI NIYYAR MAKKA

Yau za mu waiwayi wani tsohon gari na bakin Bahar Maliya a gabashin Sudan, wanda sunansa ya daɗe a bakin kakanninmu, amma 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa jin sa ba, wato Sawakin. Yana kudu da Bur Sudan, tafiyar kamar sa'a guda a mota. Shekaru aru-aru, a nan ne mai niyyar Hajji daga ƙasashen yamma yake sauke kayansa na ƙarshe a kan tudu, ya fuskanci ruwa.

Asalin garin ɗan tsibiri ne kewayayye, wanda mutum zai zagaye shi da ƙafa bai gaji ba. Yana zaune a ƙuryar wani lungu na teku, kuma jirgi ba ya isa gare shi sai ta wata siririyar hanya tsakanin duwatsun cikin ruwa. Wannan ne ya kare shi daga igiyar ruwa da mahara. Ibn Baɗɗuɗa ya sauka a nan a ƙarni na 14, ya ambata cewa tsibirin ba shi da ruwan sha sai wanda aka kawo a jirgi ko aka tara na sama. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, fatauci ya dawo Sawakin. Turkawan daular Usmaniyya suka karɓe ta a 1517, zamanin Sarki Salim na Ɗaya, sannan ta koma hannun Masar a 1865.

Arzikin garin daga haɗuwar raƙumi da jirgi ya fito. Ayari yana saukowa daga Barbar da Kasala da ƙaro da hauren giwa da fatu da gashin jimina, jirage kuma suna kawo tufafi da kayan yaji da turare daga Indiya da Yaman da Hijaz. Wajibi ne a faɗi cewa har 'yan Adam an sayar a wannan gaɓa, domin cinikin bayi ya bi ta nan zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Attajiran Jidda da Hadaramaut da Masar sun zauna tare da Beja masu ƙasa, suka gina benaye masu hawa biyu da uku. Dutsen ginin daga teku ake fasa shi, farin murjani mai huji-huji, a shafe shi da farar ƙasa. Tagoginsu na katako ne sassaƙaƙƙe da ake kira roshan, irin na tsohuwar Jidda, masu shigar da iska su kuma tsare mutuncin matan gida.

Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara wa garin kasuwa, amma shi ne kuma ya jawo ajalinsa. Manyan jirage masu tafiya da tururi suka cika Bahar Maliya, hanyar shiga Sawakin kuwa ta yi musu ƙunci. A shekarun Mahadiyya, Usman Digna ya tsare garin ta tudu, ayari ya yanke. Da Turawan Ingila suka kafu, sai suka zaɓi wani wuri mai zurfin ruwa a arewa, suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909. Kwastan ya tashi, attajirai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya biyo baya, duk wanda ya girma a gidan ƙasa zai gane shi. Ginin murjani kamar ginin tubali yake, yana son yaɓe a kai a kai. Da aka daina shafa masa farar ƙasa, gishirin iska da ruwan sama suka shiga hujin dutsen, katakon da ke riƙe da bango ya ruɓe, benaye suka yi ta zubewa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai dai akwai baƙin da ba su daina zuwa ba, su ne alhazai, kuma a nan labarin ya zama namu. Mutanenmu sukan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram, su bi ta Barno, su ƙetare Chadi ta Abeshe, su shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, har Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yakan ƙare a tsaya a nema. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban maniyyata suka riƙa tsintar auduga suna tara kuɗin jirgi. Wanda Allah ya cika wa buri yakan iso Sawakin, a killace shi don duba lafiya, sannan ya hau ruwa. Marasa takarda kuma sukan shiga sambuk, ƙaramin jirgin katako mai filafili, su ƙetare a ɓoye, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wasu sun kai, wasu sun rasu suna jira, wasu kuma sun zauna suka haifi mu da muke wannan rubutu.

Mai ziyara a yau zai shiga ta ƙofar da ake kira da sunan Kichina, ya ratsa unguwar tudu mai suna Gef, ya hau hanyar da Godon ya sa aka cike a 1877 don haɗa tsibirin da gaɓa. A ciki zai tarar da tsibin fararen duwatsu inda dā tituna suke, da guntayen bango masu sauran zane. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, suna tsaye da hasumiyoyinsu, hukumar Turkiyya mai suna TIKA ce ta gyara su, tare da tsohon ginin kwastan. A bakin ruwa masunta suna nan da jiragensu na katako masu fenti kala-kala. Can gefe kuma ga sabuwar tasha mai sunan Usman Digna, inda jiragen fasinja da na tumaki suke tashi zuwa Jidda, tafiyar kwana guda ko ƙasa da haka.

Turkawa sun gyara abin da ya shafi tarihinsu, kuma sun kyauta. Amma talakan da ya taka daga Hadeja zuwa wannan gaɓa bai bar bene ba, bai bar hasumiya ba. Labarinsa yana bakin tsofaffi ne kaɗai, a Mai Wurno da Gadarif da Kasala da Bur Sudan, kuma kowace shekara muna binne wasunsu. Jirgin sama ya rufe hanyar tudu tun tuni, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya warwatsa iyalai da takardunsu.

Saboda haka muna roƙon duk mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya ɗauki muryarsa ko da a waya ce. A tambaye shi garin da aka taso, da zangon da aka yi, da shekarun da aka ci a hanya, da wanda aka binne a ina. Mai tsohon fasfon Hajji ko takardar allura ya ɗauki hotonsu ya adana. Wanda kuma Allah ya kai shi Bur Sudan cikin aminci, ya ƙarasa Sawakin ya yi wa mutanenmu da ke kwance a can addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya karɓi niyyar waɗanda ba su ƙetare ba, Ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.