Balai Pustaka da Asalin Adabin Zamani na Indunisiya

Masana da yawa sukan fara lissafin adabin zamani na Indunisiya daga Balai Pustaka, watau hukumar ɗab'i ta Gwamnatin Holan, wadda aka aza harsashinta a 1908, ta sami wannan suna a 1917. Ita ce ta buga Sitti Nurbaya na Marah Rusli a 1922, da Salah Asuhan na Abdul Muis a 1928. Amma fa hukumar tana da rariya, ba ta barin littafin da ya soki mulkin mallaka ya wuce. Saboda haka labarunta suka fi karkata ga auren dole da saɓanin al'ada da zamani.

A waje ɗaya kuwa akwai irin su Mas Marco Kartodikromo, masu rubutu da Malayancin kasuwa, waɗanda mahukunta suka kira ayyukansu karatun daji. Shi Marco an kai shi Boven Digul a 1927, can ya rasu a tsare.

Lalle wanda ya ɗauki littattafan hukumar su kaɗai ne tarihin adabin, ya karɓi hukuncin mai mulki ke nan ba bincike. Mai nazarin gasar Hukumar Talifi ta Zariya ta 1933 ma ya kamata ya tambaya: me rariya ta tare?