Yadda Makarantun Yarjejeniya Suka Samo Asali a Amurka

Mu nan makaranta iri biyu muka saba da ita: ta gwamnati da ta kuɗi. A Amurka akwai ta uku, wadda suke kira cata, wato makarantar yarjejeniya. Gwamnati ce ke zuba kuɗin, yaro ba ya biyan ko sisi, amma malamai ko iyaye ko wata ƙungiya ke tafiyar da ita. Akan ba su takardar izini ta 'yan shekaru, galibi biyar. In karatu ya yi kyau a sabunta, in bai yi ba a rufe. Idan masu nema suka fi kujeru yawa, sai a jefa ƙuri'a.

Wani malamin jami'a, Ray Budde, shi ya fara kawo shawarar a 1974, amma ba wanda ya kula. Sai a 1988 Albert Shanker, shugaban wata babbar ƙungiyar malamai ta ƙasar, ya ɗaga maganar. Burinsa shi ne a sakar wa malamai mara su gwada sababbin dabarun koyarwa.

To, a can harkar ilimi a hannun jihohi take, don haka sai jiha ta yi doka kafin a buɗe irin wannan makaranta. Minisota ce ta fara a 1991, aka buɗe ta farko, City Academy, a birnin Sen Fol a 1992. A shekarar Kalifoniya ta bi sahu. Yau jihohi fiye da 40 suna da dokar, yara fiye da miliyan uku suna ciki. Bayan guguwar Katrina ta 2005, kusan duk makarantun gwamnati na Niyu Olins sun koma wannan tsari.

Rigimar kuwa a kan kuɗi take. Duk yaron da ya tashi daga makarantar unguwa, kasonsa na kuɗi yakan bi shi. Masu goyon baya suka ce talaka ya samu zaɓi. Masu suka suka ce ana tatse makarantar da sauran yara suka dogara da ita. Shi kansa Shanker daga baya ya koma yana sukar yadda abin ya juya.

Inda ya fi jan hankalinmu shi ne batun addini. A 2023 hukumar jihar Okalahoma ta ba wata makarantar Katolika izini. Kotun ƙolin jihar ta soke a 2024, ta ce kuɗin gwamnati ba ya tafiyar da makarantar addini. A watan Mayun 2025 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka yi kunnen doki, huɗu da huɗu, sai hukuncin jihar ya tsaya. Tunda ba a samu rinjaye ba, hukuncin bai ɗaure sauran jihohi ba. Duk ranar da aka yanke maganar, za ta shafi Islamiyyun 'yan'uwanmu da ke can kamar yadda za ta shafi makarantun coci.