Lambar harafi a kwamfuta

Lambar harafi ita ce adadin da aka keɓe wa kowane harafi ko alama domin kwamfuta ta iya ajiye shi, tunda ita lissafi kaɗai ta sani. A tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, lambobi 128 ne, daga 0 zuwa 127. Babban A shi ne 65, ƙaramin a kuma 97. Tazarar 32 ɗin nan tana tsakanin kowane babban harafi da ƙaraminsa, shi ya sa mai rubuta manhaja kan sauya su da ragi ko ƙari kawai.

A harshen Python, umarnin ord ne ke karɓar harafi ya ba da lambarsa, chr kuma ya mayar da lamba harafi. Inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe shi ne alƙaluma. Alamar 7 da aka buga a matsayin rubutu lambarta 55 ce, sai an cire 48, wato lambar sifiri, kafin a sami bakwai ɗin lissafi.

ASCII bai tanadi gurbi ga haruffan Hausa masu lanƙwasa ba. Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya share wannan hawaye: ƙ ta sami 409, ɓ 595, ɗ 599. A nan tazarar 32 ba ta aiki, domin babban Ƙ 408 ne. A tsarin UTF-8, wanda ake ajiye lambobin Unicode da shi, kowannensu yana cin bayit biyu.